Mahaifina ya kwana shida da shanyewar ɓarin jiki, anya zai tashi?

Likita, barka da aiki. Yau kwana shida ke nan da mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Shekararsa 72, ya daɗe yana fama da hawan jini da ciwon suga. Hoton kai ya nuna jijiyar jini ce ta toshe, ba fashewa ta yi ba. Hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi, magana ba ta fita sosai, amma yana gane mu, yana bin mu da ido. A asibiti aka gano bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. An sa masa roba ta hanci, an ce kada a ba shi komai ta baki. Yayana ba ya iya jurewa, da zarar nas ta fita sai ya ɗiga masa ruwa da cokali, har yana cewa a cire robar mu koma gida tunda ba wani abu ake yi masa ba. Jiya na ji likita yana gaya wa ɗalibansa cewa Baba yana da abubuwa da yawa masu ƙara haɗarin mutuwa. Tun lokacin ban runtsa ba. Kuma ni ce na ce a bari gari ya waye, a daren da bakinsa ya karkace. Don Allah ka gaya mini gaskiya, waɗanne abubuwa ne waɗannan, kuma zai tashi?

Daga wata mai jinyar mahaifinta

'Yar'uwa, sannu da jinya. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi.

Kafin in taɓa tambayarki bari in fara da cokalin yayanki, don shi ba zai jira ki gama karanta wannan amsa ba. Daga yau a daina ba Baba ruwa ta baki, ko ɗigo ɗaya, har sai wanda ya san aikin ya gwada haɗiyarsa ya ce ta dawo. Na san yadda abin yake. Tsoho yana kwance, leɓɓansa sun bushe har sun tsage, ya kalli kofi ya kalli ɗansa, wace zuciya ce za ta daure? Sai dai haɗiya aiki ne da ƙwaƙwalwa ke tsarawa. Tsokoki da dama ne ke motsi a jere cikin ƙiftawar ido, su rufe hanyar iska su buɗe ta abinci, kuma kusan rabin masu wannan ciwo tsarin yakan rikice musu a kwanakin farko. Ruwa ya fi komai saurin sulalewa, sai ya bi hanyar huhu. Wani zai ƙware ya yi tari, kowa ya gane. Wani ko gezau ba zai yi ba, saboda maƙogwaron ya daina jin abin da ya taɓa shi, sai dai ki ji muryarsa ta jiƙe kamar mai magana da ruwa a baki. Kwana ɗaya ko biyu a tsakani zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya yi sama, ciwon huhu ya kama. Wanda ciwon huhu ya kama bayan shanyewa, haɗarin mutuwarsa a watan farko yakan ninka kusan sau uku. Saboda haka ki gaya wa nas an ba shi ruwa, da sau nawa aka ba shi. Wannan ba tona wa yayanki asiri ba ne, so ake a sa abin sauraro a ƙirjin Baba tun da wuri.

To, ga abin da likitan yake nufi. An bi dubban majinyata a ƙasashe daban-daban, aka ƙirga waɗanda suka rasu cikin kwana 30 da waɗanda suka rasu cikin shekara, aka duba abin da ya haɗa su. Abu biyu ne kullum ke fitowa a sahun gaba: tsananin bugun da ƙwaƙwalwa ta sha, da shekarun mai ciwon.

Tsananin yana da ma'auni. Akwai sikelin da ake kira NIHSS, mai maki daga 0 zuwa 42. Likita zai duba farkawar mutum, da motsin idonsa, da fuska, da ƙarfin hannu da ƙafa, da magana, ya haɗa maki. Ƙasa da 5 mai sauƙi ne, sama da 20 kuwa mai tsanani ne ƙwarai. Ki tambaya nawa Baba ya samu ranar da aka kwantar da shi, kuma nawa yake da shi yau. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai sosai, amma biyun a jere suna nuna inda aka dosa. Cikin duk abubuwan da ake aunawa, farkawa ta fi nauyi. Majinyacin da ba ya buɗe ido sai an girgiza shi, ko an girgiza ma bai buɗe ba, yana cikin hali dabam da wanda ke bin 'ya'yansa da kallo.

Girman jijiyar da ta toshe ma haka. Wani bincike da aka yi a yankin Oksfod na Ingila, aka buga a mujallar Lancet a 1991, ya raba masu toshewar jijiya gida huɗu. Waɗanda babbar jijiya ta toshe musu har ta ɗauke musu motsi da gani na gefe guda da magana ko fahimta gaba ɗaya, kashi 39 cikin 100 sun rasu a watan farko, kashi 60 kafin shekara. Waɗanda 'yar ƙaramar jijiya ce can cikin ƙwaƙwalwa ta toshe, kashi 2 ne kawai a watan farko, kashi 11 a shekara. Duba irin ratar, alhali a bakin mutane sunan ciwon ɗaya ne. Alƙaluman tsofaffi ne, an tattara su tun kafin magungunan yau, amma darasin yana nan. Ba zan ɓoye miki ba, yadda kika kwatanta Baba, ɓarin dama tare da magana, ga kuma zuciya mai rikitaccen bugu, ya fi kama da gudan jinin da ya taso daga zuciya ya toshe jijiya mai ɗan girma a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Wanda ya ga hoton ne zai iya gaya miki faɗin wurin da ya lalace.

Sauran abubuwan da ke cikin lissafin su ne ciwon suga, musamman idan sugan ya hau sosai ranar da aka kawo shi, da raunin zuciya, da ciwon ƙoda, da ciwon daji, da ruɗewar tsufa, da shanyewar da aka taɓa yi a baya, da kuma yadda mutum yake kafin ciwon: yana tashi ya yi wanka ya fita da ƙafarsa, ko dama sai an kama shi? Ba ki faɗa mini wannan na ƙarshen ba, kuma yana da nauyi fiye da yadda mutane ke zato. Ɗan shekara 72 da ke zirga-zirgarsa har ranar da ya faɗi yana da ajiyar ƙarfin da wani ɗan 60 mai kwance ba shi da ita.

Duk waɗannan bakin alƙalami ya bushe a kansu. Ba za ki rage masa shekara ba, ba za ki mayar da jijiyar yadda take ba. Kwana kina ƙirga su ba zai ƙara komai ba sai ciwon kai. Abin da nake so ki riƙe shi ne, lissafin nan na taron jama'a ne. Yana iya cewa cikin mutum ɗari masu kama da Baba kaza za su tashi, amma bai san ko Baba yana cikin waɗanne ba. Kuma wani babban ɓangare na abin da zai raba gardamar bai riga ya faru ba.

Dalili kuwa, mutuwa bayan toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ba ƙofa ɗaya take bi ba, kuma kowace ƙofa da lokacinta. A makon farko ƙwaƙwalwar ce da kanta. Wurin da ya mutu yakan kumbura, ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa, sai kumburin ya danne sassan da ke riƙe da numfashi da farkawa. Kumburin yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana na biyu da na biyar, shi ya sa wani lokaci har tiyata ake yi a cire wani yanki na ƙoƙon kan a sama wa ƙwaƙwalwa wuri. Baba ya shiga kwana na shida idonsa biyu, yana gane ku. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne mafi daɗin abin da ke cikin wasiƙarki.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Daga mako na biyu zuwa ƙarshen wata, yawancin waɗanda ake rasawa kwanciyar ce ke cinye su: ciwon huhu, ciwon mafitsara da ke shiga jini, gudan jinin da ke daskarewa a ƙafa ya tafi huhu, sai kuma zuciya. Nan ne idon mai jinya ke da daraja, don ke ce a gefen gadon dare da rana, likita kuwa minti goma yake yi ya wuce.

Akwai wani gwaji da nake yawan tunawa saboda sauƙinsa. A jihar New South Wales ta Ostareliya an ɗauki ɗakunan kwantar da masu shanyewa guda 19, aka raba su biyu. A kashi ɗaya aka koya wa ma'aikatan jinya su tsare abu uku kawai a kwana ukun farko: a auna zafin jiki duk awa huɗu a sauko da shi idan ya kai digiri 37.5, a auna suga a daidaita shi, kuma kada a ba kowa komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa. Babu sabon magani, babu sabuwar na'ura. Sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna bayan kwana 90, waɗanda suka rasu ko ciwon ya bar su da naƙasa kashi 42 cikin 100 ne a wannan kashin, a ɗaya kashin kuwa 58. Zazzaɓi, suga, haɗiya. Ki ga ashe abin da yayanki ke kira “ba wani abu ake yi masa ba” shi ne aikin.

Don haka ki taɓa goshin Baba ki kuma nemi a auna, kada ki dogara da tafin hannu. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur yana barci, kina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Babba mai lafiya yakan yi 12 zuwa 20. Idan kin ga ya wuce 25, ko kin ji ƙirjin yana ƙara, ko Baba ya fi jiya yawan barci, ko ya daina gane wanda ya gane jiya, kada ki jira zagayen safe. Sugan kuma a kwanakin nan ba a neman a matse shi ƙasa sosai. Akan so ya tsaya tsakanin 140 da 180 a ma'aunin da ke ba da ɗaruruwa, wato kusan 8 zuwa 10 a ɗaya ma'aunin, don faɗuwar suga ita ma tana cutar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta ji rauni, ga shi Baba ba zai iya buɗe baki ya ce jiri yake ji ba.

Ƙafar da ba ta motsi, ki yaye zanen ki dube ta kullum, ki haɗa ta da 'yar'uwarta. Idan sharaɓar dama ta fi ta hagu kauri, ta yi ɗumi, fatar ta yi sheƙi, kada a murza kada a matsa, a kira nas. Haki na farat ɗaya ko ciwon ƙirji kuwa gaggawa ce. Mutane kan sayo doguwar safa mai matse ƙafa suna ganin rigakafi ce, amma babban gwajin da aka yi a kan masu shanyewa, wanda ya fito a 2009, ya nuna ba ta hana gudan jinin, sai ma ta ci fata. Abin da ya nuna amfani a 2013 shi ne rigar ƙafa mai iska, wadda na'ura ke hurawa tana saki. Ki tambaya ko akwai ta, in babu ki tambaya wane rigakafi ake yi masa. A riƙa juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu da duwawu da dunduniya, don gyambon kwanciya jan tabo yake farawa, tabon da ko an danna ba ya yin fari. Robar fitsari kuma, idan an sa masa, ki riƙa tambaya yaushe za a cire, don kowace rana da ta ƙara ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu zuciyar. Ki ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannunsa ta ɓangaren babban yatsa, ki yi shiru. Za ki ji bugu biyu a jere da sauri, sai ɗan tsaiko, sai uku, sai ɗaya mai rauni, kamar makaɗin da ya manta kiɗansa. Ɗakunan sama na zuciya ne ke karkarwa maimakon su matse, jini ya kwanta a lungu ya daskare, wata rana gudan ya ɓalle ya nufi kai. Binciken da aka shafe shekaru ana yi a garin Framingham na Amurka ya nuna wannan matsala tana ninka haɗarin shanyewa kusan sau biyar, kuma shanyewar da ta jawo ta fi saurin kisa, saboda gudan da ke fitowa daga zuciya yakan yi girma. Wannan yana cikin abin da likitan ya lissafa, babu shakka. Sai dai a duk jerin, shi ne wanda magani ya fi iya wa. Magungunan tsinka jini irin su warfarin suna rage haɗarin wata shanyewar da kusan kashi biyu cikin uku, asfirin kuwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai. Akwai sababbi irin su apixaban da rivaroxaban da dabigatran, waɗanda ba sa buƙatar yawan gwajin jini kamar warfarin. Idan ba a fara ba shi ba tukuna kada ki ɗauka mantuwa ce. Wurin da ya lalace a ƙwaƙwalwa yana iya zubar da jini idan aka yi garaje, don haka akan jira daga 'yan kwanaki zuwa kusan mako biyu, gwargwadon girmansa. Abin da za ki tabbatar shi ne kada ku bar asibiti ba ku san wace rana za a fara ba, da wane magani, da wa zai riƙa dubawa.

Haka hawan jinin. Kina iya ganin 180 a na'ura ki ga babu wanda ya razana. Da gangan ne. A kwanakin farko akan bar shi ya ɗan hau, muddin bai wuce 220 bisa 120 ba ga wanda ba a yi wa allurar narkar da gudan jini ba, don ƙarfin nan ne ke tura jini zuwa gefen wurin da ya toshe. Daga baya a sauko da shi a hankali, a nufi ƙasa da 130 bisa 80, kuma daga nan shan magani ya zama na kullum. Bayan watannin farko, abin da ya fi ɗaukar masu wannan ciwo shi ne ciwon zuciya da dawowar shanyewar, kuma sau da yawa labarin iri ɗaya ne: jiki ya yi sauƙi, magani ya ƙare, ba a sake saye ba.

Game da komawa gida, ra'ayina a fili yake: ba yanzu ba. Mutumin da ba ya iya haɗiya, ga suga, ga zuciya da ba a fara wa magani ba, idan aka cire masa roba aka kai shi gida an raba shi da abinci da ruwa da magani a lokaci guda. An daɗe da tabbatar da cewa masu shanyewa da aka kula da su a ɗaki na musamman, inda ma'aikatan suka saba da ciwon, sun fi rayuwa kuma sun fi komawa ga dogaro da kansu. Robar ma ba ta dindindin ba ce ga yawancin mutane, haɗiya takan dawo wa da dama cikin mako biyu zuwa 'yan makonni. Idan wani dalili ne daban ke damun yayanki, gajiya ko nauyin ɗawainiya, ku zauna ku faɗe shi da sunansa, ku kai wa likitan a nemi mafita tare.

Sai maganar daren nan da ke cin ki. Ba zan ce miki jinkiri bai da illa ba, yana da ita. Allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi, zaro gudan ta cikin jijiya kuma cikin awa shida, wani lokaci har 24 ga waɗanda hoto ya nuna sun dace. Amma ba kowa ake yi wa allurar ba ko da ya zo a kan lokaci, kuma amfanin da gwaje-gwaje suka tabbatar mata shi ne rage naƙasa, ba ta rage yawan mace-mace a fili ba. Kin ga bakin mahaifinki ya karkace cikin dare, ba ki taɓa ganin irinsa ba, kin yi abin da mutane da yawa ke yi. Zargin kai yanzu ihu ne bayan hari. Abin da ke gabanki shi ne haɗarin dawowar ciwon ya fi yawa a makonnin farko, kuma yanzu kin san fuskarsa: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Ko da ya wuce cikin minti biyar, ko ƙarfe nawa ne, asibiti.

Kin ce in gaya miki gaskiya, zai tashi? Ban ga Baba ba, ban ga hotonsa ba, rai kuma a hannun Allah yake. Shekarunsa da sugansa da zuciyarsa sun sa shi cikin waɗanda ake sa wa ido sosai, kuma ko ya tashi, hannun da maganar za su ɗauki watanni na gashi da koyo, mai yiwuwa ba su dawo duka ba. A ɗaya ɓangaren, ya haye kwanakin kumburi a farke, yana samun abinci da magani ta roba, an gano matsalar zuciyar da a da take ɓoye. Da ni ne a gefen gadon da na sa rai. Ki nemi likitan da ke duba shi ya ba ki minti goma a zaune, ke da yayanki tare, ki ce masa kin ji abin da ya faɗa wa ɗalibai kuma kina so ya maimaita muku da bakinsa. Ki kuma samu wanda zai karɓe ki dare ɗaya ki yi barci, don idon da bai runtsa ba ba ya ganin ƙafar da ta kumbura.

Yayanki kuma kada ki yi masa faɗa, ƙauna ce ta sa shi ɗaukar cokalin, hannunsa ne ke neman abin yi. Ki ba shi aikin bakin Baba. Nas ta nuna masa yadda ake jiƙa auduga ko ƙyalle mai tsabta a matse shi sosai, a goge harshe da dasashi da cikin kumatu, musamman ɓangaren dama inda yawu ke taruwa, a shafa wa leɓe mai, sau da yawa a rana. Wannan yana rage ƙishin da Baba ke ji, yana kuma rage ƙwayoyin cutar da ke gangarawa huhu. Shi ne kuma zai riƙa ɗaga kan gadon duk lokacin da za a zuba abinci a robar, ya bar shi a ɗage na aƙalla rabin awa bayan an gama. Ranar da za a sake gwada haɗiyar ki tabbata yana wurin, in an ce ta dawo, a bar shi ya ba Baba kurɓin farko da hannunsa.